Wuyan Fatar Sarki Jatau

Birnin Kurungu a tsakiyar ruwa yake. Babban Gulbi yana gangarowa daga yamma, idan ya iso gungun sai ya rabu biyu, reshe ɗaya ya bi ta arewa, ɗaya ta kudu, su sake haɗuwa a gabas. Mutanen garin suna kiran ɓangaren yamma Kai, na gabas kuma Wutsiya. Masu ba da tarihi sun saɓa a kan wanda ya fara kafa bukka a wurin, amma duk sun yarda Bagudu Mai Gora ne ya kewaye shi da ganuwa, kuma shi ya fara al'adar fatu.

Al'adar ita ce, ran da aka naɗa sarki sai a yanka rago, a jeme fatarsa, a zana birnin a jikinta yadda yake a zamanin sarkin, da ganuwa da ƙofofi da rassan gulbi. Ba a rubuta ko harafi ɗaya a kai, zane ne kawai da rinin baba da na karan dafi. A Ɗakin Fatu ake rataye su, kuma wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga yadda garin ya girma. A cikinsu duka, fatar Sarki Jatau kaɗai ke da ɗige-ɗigen ja. Shi ne sarkin da abokan gaba suka taɓa tsare shi har mutane suka ci ganyen bado. Da ya tsira sai ya sa aka jera duwatsu a ƙarƙashin ruwa tun daga ganuwa har gaɓa, mashigin ɓoye wanda doki zai iya bi da rani. Ɗige-ɗigen jan nan su ne ke nuna inda mashigin yake. Mutum uku ne ya kamata su san inda yake: Sarki, da Sarkin Ruwa, da Magajiya mai riƙon Ɗakin Fatu.

A zamanin da muke magana, biyu ne kawai suka sani. Sarki Tunau a fagen fama aka naɗa shi, ran da mahaifinsa ya faɗi, ba a yanka rago ba, ba a shimfiɗa masa fatu ba. Duk sadda gwaggonsa Magajiya Gwamma ta tuna masa, sai ƙanensa Ciroma Nomau ya ce wannan aikin mutanen da ne, akwai abin da ya fi shi gaggawa. Shi Ciroma uba ɗaya suke da Sarki, amma a tudu ya tashi, wurin dangin uwarsa a ƙasar Baure. Ya dawo gida da tabon bulala a bayansa, kuma babu wanda ya kai shi zagin Baurawa.

To, cikin tsakiyar rani aka wayi gari fatar Sarki Jatau ba ta a maratayarta. A ranar kuma masunta suka kawo labarin Sarkin Baure Gagarau ya taso da rundunarsa.

Da hantsi fada ta cika. Kowa ya zauna a mazauninsa, amma ba wanda ya yarda ya haɗa ido da na kusa da shi. Galadima, tsoho mai cinikin dawaki da mutanen tudu, ya ga ana satar kallonsa, sai ya riga kowa magana.

"Allah ya ja zamanin Sarki, ni dawaki nake saya a Baure, ban taɓa sayar musu da komai ba. Na faɗa tun kafin a tambaye ni."

Sarki ya ce, "Ba wanda ya tambaye ka, Galadima. Magajiya, an fasa ƙofar?"

Magajiya ta ce, "Ba a fasa ba, Zaki. Buɗewa aka yi, aka mayar aka kulle."

"Makullai nawa ne?"

"Uku. Nawa ga shi a wuyana, ko wanka nake ba na cire shi. Ɗaya yana wurin Sarkin Ruwa. Ɗaya naka ne."

Sarki ya ce nasa yana cikin adaka tun ran da aka miƙa masa, bai taɓa ko duba shi ba. Sai Ciroma ya muskuta, ya jinjina, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, adakar Sarki a ƙarƙashin idona take, saboda haka a cire ta daga zance. Magajiya uwa ce, ba na kai bakina gare ta. Amma wa ya shiga ɗakin nan a ƙarshe? Sarkin Ruwa Ƙosau ne, ya ce zai yi wa fatu hayaƙi saboda asu. Kuma wa ya aurar da 'yarsa a tsallaken gulbi, jiragensa suna kai da kawowa ba mai bincikarsu?"

Sarkin Ruwa Ƙosau dogo ne baƙi, ya manyanta, rana ta cinye masa gashin kai. Ya ce, "Ciroma, hayaƙin nan tun kana goye nake yin sa. 'Yata kuwa masunci ta aura, ba Gagarau ba. In ana maganar dangi a tsallake, ai ba ni kaɗai ke da su ba."

Ciroma ya sa hannu ya zame rigarsa daga kafaɗa, ya juya wa fada baya. "Ga abin da dangin nawa suka ba ni guzuri. Kai nuna mana naka."

Ana cikin haka aka shigo da manzon Baure. Bai cire takalmi ba sai da dogarai suka tsawata masa. Ya ce ubangidansa na gaida Sarki, yana kuma shaida masa cewa ruwan da Kurungu ke taƙama da shi yanzu iyakarsa ƙirjin doki. In Sarki ya buɗe ƙofa kafin hantsin gobe, za a bar shi da ransa da matansa. In ya ƙi, Gagarau zai shigo da ƙafa, ba da jirgi ba.

Sarki ya ce, "Ina ubangidan naka ya sauka?"

Manzo ya yi murmushi. "Inda ya kamata, ranka ya daɗe. A gaɓar kudu, daidai Wutsiya. Ka hau ganuwa ka gani."

Da jin haka Magajiya ta ɗago kai. Mashigin Sarki Jatau ba a nan yake ba. Yana can a Kai, ta gefen arewa. Abin da ke kudu da Wutsiya wani rairayi ne shimfiɗaɗɗe mai yaudara, mutum zai yi ta tafiya ruwa iya gwiwa, sai ƙasa ta yanke masa lokaci guda ya faɗa Tukunya, inda rassan gulbin biyu ke karo suna juyawa.

Nan take ta gane abin da ya faru. Duk wanda aka haifa a gungun, kansa yamma yake kwana, wajen da ruwa ke fitowa. Haka ake kwantar da jariri, haka ake shimfiɗa tabarma, haka ake ɗaure jirgi. Buzun salla kaɗai ake juya wa wuya gabas. Fatun sarakuna ma wuyansu yamma ake yi da shi. Amma mutumin tudu, in ka ba shi fatar rago ka ce ya shimfiɗa, hannunsa da kansa zai kai wuyan alƙibla. Gagarau ya shimfiɗa birnin a juye. Kai ya zama Wutsiya, arewa ta zama kudu, gulbi kuma yana nan a miƙe yadda ya kamata, babu abin da zai nuna masa kuskurensa.

Wannan kuwa ya wanke Ƙosau sarai, don wanda ya san mashigi da ƙafarsa ba ya bukatar satar fata, kuma ba zai bar su su sauka a bakin Tukunya ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga Ƙosau ya kafe ta da ido, ya girgiza kai kaɗan. Ta duba fada. Ɓarawon yana cikin waɗannan rawuna, ko Galadima, ko Ciroma, ko wani da ba a ambata ba. In ta yi bayani, kafin la'asar labari ya tsallaka, Gagarau ya juya fatar. Sai ta rufe bakinta.

Aka fitar da manzo. Ciroma ya ce, "Zaki ya ji da kunnensa. Sun san hanya, har sun tsaya a bakinta. Wa ya san hanyar in ba Sarkin Ruwa ba?"

Sarki ya dubi Ƙosau. "A nan mashigin yake?"

Ƙosau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba a faɗin wannan a gaban jama'a."

"Magajiya?"

"Ba a faɗa a gaban jama'a, Zaki. Ka sallami kowa, har Ciroma, in gaya maka."

Ciroma ya yi dariya. "Kun ji ko? A raba Sarki da ɗan'uwansa a rana irin ta yau, a bar shi da mutum biyun da makullai ke hannunsu."

Sarki ya daɗe yana duban gwaggonsa, kuma ta ga abin da ba ta taɓa gani a idonsa ba, wato ita ma yana auna ta. Ya ce, "Abin da ba za a faɗa a gaban Nomau ba, ba na son jin sa. A sa wa Ƙosau mari. Gobe a hau da shi ganuwar Wutsiya. Da zarar dokin farko na Baure ya sa ƙafa a ruwa, Hauni ya sa takobi ya sare Ƙosau, ya ga abin da ya sayar kafin ya tafi."

Da la'asar Magajiya ta je gidan Yari. Ta tarar da Ƙosau zaune a gindin bango yana cin gyaɗa, mari a ƙafa. Su biyun abokan wasa ne, kakarsa da kakanta ciki ɗaya suka fito.

Ya ce, "Tsohuwa, kin zo ki ga ko wuyan nawa zai saru? Ki gaya wa Hauni ya wasa takobinsa da kyau, kifi busasshe ne."

Ta zauna, ta yi ƙasa da murya saboda dogarin da ke bakin ƙofa. "Bar wasa, Ƙosau. Na nemi ganin yaron nan har sau biyu, Ciroma na zaune a zaure kamar an dasa shi. Zan faɗa kawai, kome zai faru ya faru."

"Ki faɗa wa wa? Duk abin da ya shiga kunnen Sarki ta kunnen ƙanensa yake bi. Ban ce shi ne ba, ban sani ba. Galadima ma tun safe yake gumi. Amma kin san mashigin nan ba shi da ƙofa mai ƙarfi, ganuwar Kai ta zaizaye tun damina biyu. In suka bi ta can, ba wanda zai kwana a garin nan da 'yancinsa."

"In na yi shiru kuma su sare ka."

Ya ɓare gyaɗa ya miƙa mata. "Kin ga kadojin da suka taru a Wutsiya tun shekaranjiya? Mutane na cewa mugun abu ne. Ni na ce sun ji ƙanshin walima. Ki bar su su ci abincinsu. Ni ai na tsufa, jirgi ma yanzu sai an riƙe mini hannu nake shiga."

"Ƙarya kake, jiya na gan ka kana tsalle kamar ɗan akuya."

"To ki yi mini shaida a kan wannan ma."

Ta tashi ba ta ci gyaɗar ba. Daga nan Ɗakin Fatu ta wuce, ta tsaya tana duban su a jere. Ta ƙarshe a lungu ita ce ta Bagudu Mai Gora, ta yi baƙi, ta ƙanƙance, ba komai a jikinta sai da'irar ganuwa da ƙofa ɗaya. Ta sauke ta, ta naɗe.

Washegari da hantsi Sarki da sarakunansa suka hau ganuwar Wutsiya. Tsallaken ruwa gaɓa ta yi baƙi da mutane. 'Yan lifida ne a gaba, dawakinsu a lulluɓe har gwiwa, bayansu 'yan sulke, bayansu 'yan baka. A sahun farko akwai wani dattijo a kan farin doki, shi ne Jarman Baure, wan mahaifiyar Ciroma, wanda aka ce shi ya yi masa tabon nan. A kan wani tudu kuma Gagarau na zaune ƙarƙashin laima.

An durƙusar da Ƙosau a kan ganuwa, Hauni na tsaye a kansa. Tambarin Baure ya ɗauka. Dawaki suka fara gangarowa.

Magajiya ta iso tana haki, fata a hammata. Ta ce, "Zaki, ba a taɓa kashe mai sarautar ruwa ba sai a kan fatar Bagudu. In jininsa ya taɓa ƙasar ganuwa, ganuwar ba ta ƙara tsare kowa."

Galadima ya ce, "Ni dai ban taɓa jin wannan ba."

Ta ce, "Yaushe aka taɓa kashe Sarkin Ruwa a gabanka da za ka ji?"

Gaskiyar Galadima ce, babu wannan al'ada, a hanya ta ƙirƙiro ta. Dokin farko ya riga ya shiga ruwa. Sarki ya ɗaga wa Hauni hannu ya dakata, ya ce a shimfiɗa da sauri. Magajiya ta tsaya kwance igiyar a hankali, tana cewa ƙullin ya cije, yatsunta sun tsufa. Sahu na biyu ya shiga, na uku ya biyo, ruwa iya gwiwar doki, suna tafe suna kirari.

Ciroma ya ƙosa. "Kawo nan, Magajiya, kina ɓata mana lokaci." Ya fizge fatar, ya tsinke igiyar, ya baza ta a gaban Ƙosau, ya daidaita wuyan gabas, ya shafe ta da tafin hannu.

Galadima ya leƙo. "Ciroma, ai ka juya ta. Salla za ka yi a kai?"

"Kamar yaya na juya ta?"

"Wuya yamma ake yi da shi mana, wajen Kai. Ko jariri ya san wannan a garin nan."

Ciroma ya dubi fatar. Ya dubi Magajiya. Sannan ya juya a hankali ya dubi gulbi, inda farin dokin ya kusa tsakiyar ruwa, mutane dubbai na turowa a bayansa. Da ya daure ya yi shiru, da ba wanda zai iya kama shi da komai, don kowane mutumin tudu haka zai shimfiɗa ta. Amma bai daure ba. Ya ruga bakin ganuwa, ya warware rawaninsa yana kaɗawa.

"Kawu! Ku koma! A juye take, wuyan yamma ne! Kawu, ka tsaya!"

Bai rufe baki ba farin dokin ya nutse kamar an ja shi ta ƙasa. Na kusa da shi suka bi. Na baya ba su ga abin da ke faruwa ba, tambari na ta kiransu gaba, suka yi ta tura 'yan'uwansu. Lifidi in ya sha ruwa ya fi dutse nauyi. Tukunya ta yi ta juyawa da mutane da dawaki da garkuwoyi, kadoji suka sulalo daga rairayi. Maharban Kurungu da ke kan ganuwa ko kibiya ba su saki ba, suka tsaya suna kallo.

Ba wanda ya ba da umarni, amma dogarai biyu sun riga sun riƙe hannuwan Ciroma. Sarki ya tako har gabansa, ya sa hannu a wuyan rigarsa, ya jawo wata igiya. Makullin Ɗakin Fatu ne a jikinta, na cikin adakar Sarki.

Ya ce, "Bulalar fa, Nomau?"

Ciroma bai daina duban ruwa ba. "Bulalar gaskiya ce. Kawu ne ya yi mini ita, shi kuma ya goya ni lokacin da babanmu ya manta yana da ni. Ya ce in na kawo fatar, ni zan zauna inda kake zaune."

Sarki ya ce a tafi da shi. Ya karɓi guduma da kansa ya durƙusa zai cire wa Ƙosau mari, amma bai iya ba, sai da maƙeri ya karɓa. Ya ce, "Baba Ƙosau, ban san da wane baki zan yi maka magana ba."

Ƙosau ya miƙe yana murza idon sawunsa. "Ajiye maganar tukuna, ranka ya daɗe. Dubi tudun can."

Duk suka duba. Wani mahayi da ya tsira ya isa wurin laima yana nuna ganuwa da hannu. Ruwa yana kai murya nesa, kuma Ciroma da ƙarfi ya yi kiran. Suka ga an miƙo wa Gagarau wani abu, ya shimfiɗa a ƙasa, ya tsaya a kansa. Sannan ya sunkuya ya kama shi, ya juya shi.

Galadima ya ce, "Shi ke nan, ya gane."

Ƙosau ya ce, "Ya gane, amma yana gaɓar kudu, mashigi kuwa yana arewa. Sai ya haura sama ya nemi jiragen da za su tsallakar da abin da ya rage masa, mu kuwa muna da namu a ɗaure. Zaki, ka ba ni masunta da gorori da igiyoyi. Duwatsun da Sarki Jatau ya jera, na san kowanne. In na zare na tsakiya, sauran ba su da amfani."

Sarki ya dubi gwaggonsa. "Gwaggo, a rushe abin da kakanmu ya gina, ni ko ganinsa ban taɓa yi ba?"

Ta ce, "Za ka gan shi yau, don da kai za a je. In an dawo a yanka rago, a zana maka taka yadda garin yake."

Sarki ya sunkuya ya ɗauki fatar Bagudu, ya juya wuyanta yamma, ya naɗe ta da kyau ya miƙa mata da hannu biyu. Ƙosau ya riga ya fara sauka daga ganuwa yana kwala wa masunta kira, yana tsallake matakala bibbiyu.

Galadima ya ce, "To fatar Sarki Jatau fa, Magajiya? Haka za mu bar masa ita?"

Magajiya ta gyara naɗin a hammatarta. Ta ce, "Kafin rana ta faɗi ta zama buzu. Ya mayar da wuyan gabas ya yi salla a kai."